Alli Shuɗi

Shekara talatin da ɗaya ina zana teku
da guntun alli shuɗi
a allon lakwal ta unguwar Zariya.
Na ce wa yara ruwanta gishiri ne.
Suka rubuta, na ba su maki.
Ni ban taɓa ɗanɗanawa ba.

Ga shi Isuhu ya bugo daga Kwatano:
"Baba, hutun nan ku taho kai da Inna,
kuɗin mota a wuyana.
Kai dai zaɓi bakin ruwan da ya yi maka,
tun da kai ne ka san taswira."

Taswira kam na sani.
Sai dai takarda ba ta jiƙa ƙafa.

Na je tasha wajen Labo direba,
wanda kamiyonsa ya sha hanyar kudu
har tayoyi sun haddace ramukanta.
Na ce, Labo, ina ne bakin teku ya fi kyau?
Ya daɗe yana kaɗa shayi.
Ya ce, "Malam, sau arba'in na shiga tashar jirgi.
Teku tana can bayan kwantena.
Ƙararta nake ji da dare, kamar injin da ya ƙi mutuwa,
ni kuwa takardun kwastan nake ƙirgawa."

Hajiya Tsahara mai atamfa ta ce Lome.
Wai daga kasuwa taki kaɗan ne,
ka sayi kaya, ka juya, ga ruwa har ƙarshen ido,
ga kwakwa ana fasa maka a tsaye.
Amma ka riƙe aljihu,
kuma kada ka ba ruwan baya:
ya taɓa sace mata takalmi ƙafa ɗaya, sabo fil,
har yau ba ta yafe ba.
Ɗan ƙanenta ya tsoma baki, ya ce Giran Popo,
can babu hayaniya, masunta ne ke jan koma da waƙa,
in ka kama musu igiya su ba ka kifi.
Ya nuna mini a wayarsa.
Teku duka ba ta kai tafin hannuna ba.

Na dawo gida na shimfiɗa tsohuwar taswira a tabarma,
na danne kusurwoyinta da ƙwaryar gujiya da takalmi.
Rahamu tana tsince shinkafa, ko kallo ba ta yi ba.
Ta ce, "Nemo mana inda akwai inuwa.
Inda zan yi salla ba a tsallake ni ba.
Inda tsoho zai naɗe wando zuwa gwiwa,
ya tsoma ƙafa, ya ja da baya a guje,
ba wanda zai yi masa dariya
sai ni."

Da la'asar na gangara Gulbi.
Rani ya kwashe ruwan, ya bar yashi fari.
Na tuɓe takalmi, ina koyon tafiya.
Jajayen awaki suka tsaya suna dubana.
Ruwa mafi faɗi da idona ya sani
shi ne na Madarumfa,
shi ma kana hango bishiyoyin ƙetare.
An ce waccan ba ta da ƙetare.
Ni na faɗa wa yara haka, da bakina.

Har yanzu ban ba Isuhu amsa ba.
Jikata Zinatu dai ta wanke kwalbar magani,
ta cusa mini a aljihun jaka.
Ta ce ko wanne na zaɓa, in ciko mata.
Tana son ta lasa da harshenta,
ta ji ko gaskiya na koyar.