Tagar da Na Huda wa Sauti

Kwalin ya sauka a tashar Ƙofar Ƙaura ran Talata.
Direba ya jijjiga shi, ya ce, "Iska ka saya?"
A ciki, allo kore, gilashi bai kai tafin hannu ba,
da ƙullin rizisto, kowace da ɗamararta mai launi.
Takardar bayanin da Sinanci take.
Na karanta hotunan.

Osiloskof sunansa.
Shi ke zana wa lantarki sawunsa,
yadda maciji ke bar wa rairayi labari.

Kwana uku ina shaƙar hayaƙin dalma
a shagonmu na Ƙofar Guga,
kan teburin da Baba ya yi shekara arba'in
yana tashin rediyoyi daga suma,
kafin kunnen da ya ci abinci da shi
ya rufe ƙofa, bai yi sallama ba.

Can a lungu akwatina yake, sintesaiza,
wanda Uwale mai waina ta raɗa wa Tafkin Kwaɗi.
Wayoyi ja da rawaya sun sarƙe kamar yaɗon kabewa.
Akwai gurbi guda a jerin, faɗin yatsa biyar,
giɓi a bakin yaro.
Nan nake son tagar ta zauna.

Amma baƙon bolt tara yake ci,
gidan kuwa sha biyu ake dafawa.
Na sa mai rage wuta a tsakani.
Na farko na juya masa ƙafa,
ya yi tsaki, ya yi wari, ya tafi da ɗari biyar ɗina.
Na biyu na ɗaura masa ɗan ƙarfe ya riƙa shan zafi.

Fuskar kuwa, daga murfin tukunyar alminiyom.
Mamuda maƙeri ya daddale min shi ya miƙe,
bai karɓi ko sisi ba, sai dariya.
Na auna sau biyu, na huda,
ramin ya kauce da kaurin ƙwayar gero.
Baba, da ban san yana kallo ba,
ya zare magagari daga aljihun tebur,
ya ture hannuna.
Bai ji kukan ƙarfen ba. Ni na ji mana mu biyu.

Na cire babban bakin da ya zo da shi,
na dasa ƙananan jak guda biyu,
ɗaya shiga, ɗaya wucewa,
don sauti ya leƙa madubi ya ci gaba da tafiyarsa.

Bayan isha'i aka kawo wuta.
Na soka waya.
Layi rawaya ya miƙe, ya yi hamma, ya fara tudu da kwari.
Na murɗa: haƙoran zarto.
Na murɗa: matakalar bene, hau, sauka, hau.
Na saki hayaniya: ruwan Agusta kan kwano.
Ina ta juyowa in ga ko idonsa zai cika.
Har na tanadi abin da zan faɗa wa abokai.

Baba ya gyara tabarau.
Ya matso har numfashinsa ya dusashe gilashin.
Ya ɗora farce a bayan tudun,
inda layin ke ɗan karkarwa kamar mai masassara,
ya ce da muryar nan tasa da ta daina sanin girmanta,
"Tasi'u! Kondensarka ta gaji.
Gurnani ne wannan. Ba ka ji ba?"

Wata shida gurnanin na kwance ƙarƙashin kiɗana.
Na ɗauka muryar akwatin ce.

Ya jawo gwangwanin madara, ya zazzage,
yana tona tsofaffin kondensa da ɗan yatsa,
sai nefa suka ɗauke.
A duhu na ji yana ci gaba da tonon,
ya ce in kawo tocila,
in kuma daina tsayawa masa a ka.