Minti Biyun da Ba Na Nan

Kafin ta zo takan aiko da wari,
ƙaurin tsumma, alhali ba abin da ke ƙuna.
Sai wani abu ya taso mini daga cibiya.
Daga nan ban san kome ba,
saura a bakin mutane nake jin sa.

Shekara tara ina suyar awara a Ƙofar Guga.
Wata Laraba kasko ya karɓi hannuna,
ga tabon nan, ya ƙi baƙi ya ƙi fari.
Waɗanda suka ci daga matsamina shekara tara
suka ja baya suka yi mini zobe,
wai kada yawuna ya taɓa ƙafar wani.
Mai tausayin cikinsu ya kawo cokali,
haƙorina na gaba ya bi shi.
Washegari 'yan makaranta suka tsallaka titi
da kuɗin tararsu a hannu.

Na sha sassaƙe, na sha hayaƙi.
Akuya biyu suka tafi, farfaɗiya ba ta tafi ba.

A asibiti wata yarinya, Nuratu,
ta tsefe mini kitson da na biya jiya,
ta bi fatar kaina tana manna wayoyi
tana tambayata kuɗin waken suya.
Rufe ido, Iya. Buɗe. Ja numfashi.
A kan allo layuka na tafiya
kamar kunyoyin gero bayan huɗa,
sai ga wani wuri sun zabura sun yi tsini
kamar garma ta ci karo da dutse.

Likita Sada ya ɗora biro a wurin.
Ya ce ƙwaƙwalwa da wuta take aiki,
'yar ƙanƙanuwa, ba ta ƙuna,
taki a nan, sama da kunnen hagu, takan yi tartsatsi.
Kin taɓa ciwo mai zafi kina yarinya?
Inna ta tuna shekarar sanƙarau,
kwana uku ina goye, wuya a sandare.
Ya ce tabo ne, irin na hannunki,
sai dai shi yana inda ido bai kai.
Ba a ɗaukar tabo a yawu.

Ya ce ƙirga mu suke, daga Batagarawa har Kaita,
mu nawa ne, nawa ke shan magani,
nawa suka bari don kuɗin mota ya gagara.
Na dangwala yatsa, ni ma a sa ni.
Na ce, tana warkewa?
Ya ce wasu takan rabu da su,
wasu takan kwanta muddin ƙwaya ba ta yanke ba,
wasu kuma har yau nema muke.
Taki ban sani ba tukuna.
Ban taɓa jin mai magani ya ce bai sani ba.
Ranar na yarda da shi.

Ɗana Rabe, ɗan aji biyar, shi ke riƙe littafi.
Ya haddace kamar karatun allo:
janye wuta, kwantar da ita ta gefe,
ɗankwali ƙarƙashin kai, kome kada ya shiga baki,
dubi agogo, in ta wuce biyar kira mai keke.
Yakan rubuta rana da minti
da hannunsa mai karkata.
Rubutun ƙarshe tun watan Rajab ne.
Shafukan da ba kome su na fi son kallo.

Yanzu ni ke tacewa, ni ke yanka,
ƙanwata Ladidi ke zama bakin kasko.
Ƙwaya ɗaya da asuba, ɗaya bayan isha'i.
Tana sa ni barci. Na karɓa.

Jiya da magariba matar da ta fara gudu
ta ishe ni ina wanke ƙwarya.
Ta daɗe tana gyara mayafi.
Ta ce jikarta ce, sau uku ke nan,
ba wanda ya sani sai ɗaki.
Wace rana ake ganin likitan?

Na ce Talata, ku yi sammako.
Ki tsefe mata kai tun daga gida.