Roba Ba Ta Da Haƙori

A Tafí Viejo, da aka garƙame ƙofar babbar maƙera,
kakana Anselmo ya dawo gida da guduma ɗaya
da kunnuwan da suka daina aiki.
Shekara talatin da ɗaya yana ɗaure wa jiragen ƙasa ƙafafu,
yanzu duk jirginsa bai wuce tafin hannu ba.

Ya shimfiɗa dogo a kan tsohon ƙyaure
da ya ɗora bisa akwatunan lemon tsami,
ya gina dutse da jarida da sitaci,
ya huda masa rami,
ya kafa tasha mai fitila ɗaya tak.

Sai dai kan jirgin mafaɗaci ne.
Cikinsa haƙoran tagulla, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba,
suna cizon juna, suna gurnani a kowace kwana.
Shi ba ya ji.
Kakata Casilda ke ji, ta bayan bango,
inda ciwo ya kwantar da ita tun farkon sanyi.

Ta ce in kira shi. Ta faɗa da ƙarfi, a bakin kunnensa:
"Jirginka yana tauna mini barci.
Je ka yaye mayafin kekena, ka duba.
Shekara nawa ina ɗinki har asuba kana minshari,
ka taɓa farkawa?"
Ya ce, "Ai ni kurma ne."
Ta ce, "Lokacin ba ka kurumce ba."

Ya durƙusa gaban keken ɗinkin, ya daɗe.
Igiyar fata guda, ta rungumi babbar ƙafa,
ta haura, ta rungumi ƙarama,
ba cizo, ba faɗa,
wannan ta juya, waccan ta bi.

Daren nan ya zare haƙoran, ya zuba su a murfin kwalba.
Ya fiƙe kwarkwaro biyu, ya yi musu kwari,
ya ɗauko tsohon tif na kekena,
ya yanka zobba sirara da reza, ina riƙe da tocila.
Na fari ya yi sako-sako, inji na gudu, ƙafa na zaune.
Na biyu ya shaƙe, inji ya yi zafi har muka ji ƙauri.
Na uku ya tsinke, ya harbe ni a goshi.
Na bakwai ne ya zauna
kamar dama can wurinsa ne.

Ya jona tarago tara.
A hawan dutse bel ya zame, jirgi ya tsaya cak,
inji na ta juyi shi kaɗai.
Na zaci zai yi zagi. Ya tsura ido kawai.
"Haƙori in kaya ya fi ƙarfinsa, karyewa yake yi.
Ita wannan sai ta saki, ta jira ka yi hankali."
Ya cire tarago biyu.
Jirgi ya hau.

Ya ɗora yatsa a kan ƙyauren, ta nan yake saurare.
Bai ji komai ba, ya dube ni:
"Yana kuka?"
Na kasa kunne.
Ƙis, ƙis, ƙafa na tsallake gaɓar dogo,
can nesa kare,
sai ta bayan bango, numfashi mai tsawo, mai nauyi.
Na girgiza kai.
Bai kashe ba sai da zakaru suka fara.

Da safe na kai mata shayi.
Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce sukari ya yi kaɗan,
sannan ta ce, "Kakanki fushi ya yi ne?
Jiya ko kunna jirgin bai yi ba."