Juji a Bahnasa

Shekara talatin mahaifina Mitri yana tankaɗe,
ba garin tuwo ba, ƙasa.
Rariyarsa juji take tacewa,
jujin mutanen da suka kwanta dama
tun Rumawa na karɓar haraji a bakin Nilu.

Abin da ya fi fitowa: rasit ɗin cinikin jaki,
ƙarar wani a kan maƙwabcin da ya tare masa ruwa,
wasiƙar ɗa ga uwarsa, a aiko masa takalmi da man zaitun.
Duniya dai tun can duniya ce.

Wata Laraba, gab da la'asar,
rariya ta riƙe wani ɓalli,
bai kai tafin hannun jariri ba,
launin ɓawon albasa, ƙwari sun yi kalaci da gefensa.
Ya sa shi a gwangwanin taba ya kawo mini,
ni da ya sayar da saniya don in koyi Girkanci.

"Damyana, karanta."

Na ɗora a ƙarƙashin gilashi, na riƙe numfashi.
Layi bakwai, kowanne an gutsure masa kai da wutsiya.
Ga "kabari". Ga rabin "dutse".
Ga haruffa biyu da zane a bisansu,
yadda na da ke taƙaita sunan da suke girmamawa.
Sai "da asuba", sai "mata",
sai huda,
daidai inda tsutsa ta cinye aikatau.

"To, ya tashi?"
Ya tsura mini ido kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Baba, tawada ba ta je bakin kabari ba.
Abin da zan iya dafawa in rantse kaɗan ne.
Hannun nan ya yi aiki a ƙarni na biyu ko na uku,
ka bar mini hamsin gaba, hamsin baya.
Ba magatakardan fada ba ne, alƙalaminsa na ɗingishi.
Ya rubuta ciki da bai, littafi ne mai shafi, ba naɗi ba.
Kuma labarin ya riga ya sha hanya,
daga Ƙudus har ƙauyenmu, a ƙafa, a jirgin ruwa,
har wani ya ga ya cancanci kuɗin takarda.

Cewa an gicciye mutum a zamanin wani gwamna,
har marubucin Rum da ba ya ga-maciji da mabiyansa ya ambata.
Cewa mabiyan sun ce sun gan shi daga baya,
wannan ma yana rubuce.
Abin da idonsu ya gani kuwa,
gilashina bai kai can ba.
Sawu yakan ce an wuce,
ba ya faɗin abin da matafiyi ya tarar.

Sha'aban mai gadi yana zuba shayi, bai ɗago ba:
"Mu a wurinmu ɗauke shi aka yi, ba a kashe shi ba."
Baba ya ce, "Cokali biyu."
Shekara ashirin suna wannan gardama,
ba wanda ya taɓa tashi ya bar kofinsa.

Can Baba ya matso, warin ƙasa a rigarsa.
"Mai rubutun, hannunsa ya yi rawa?"
Na duba. A layi na biyar tawada ta ɗiga,
ɗigo ɗaya, kamar ƙwayar riɗi.
"Ya ishe ni," in ji shi.
Ya yi alamar gicciye, ya mayar da gwangwanin aljihu.

Ni bai ishe ni ba.
Ko sauro ne ya cije shi, ko bakin alƙalami ya tsage.
Na buɗe rajista, na ba ɓallin lamba,
tsawo kaza, faɗi kaza.
Marubuci: ba a sani ba.
Ɗigon tawada, dalili: ba a sani ba.
Na daɗe ban rufe biro ba.

Washegari tun kafin ƙararrawar coci,
tun Sha'aban bai naɗe dardumarsa ba,
na hango shi a kan jujin, ya ɗaure kai da rawani,
rariya na kai da komo.
Na ce, "Ba ka ce ya ishe ka ba?"
Ya ce, "Ni ya ishe ni.
Ke nake nema wa aikatau ɗin."