Marfin Kwalba Huɗu

Awatif ta dawo daga makaranta
da kalma ɗaya ta Turanci,
harafi huɗu: arid.
Ta ce, Kaka, busasshe ke nan,
ƙasar da sama ta yi wa rowa.
Malama ta ce tsohuwar kalma ce,
daga bakin Rumawa ta taso,
hannu da hannu har Kasala.

Ina zaune da famfon Hamad a cinya,
lambunsa kwana shida bai sha ba,
mangwaro ya fara zubar da 'ya'ya ɗanyu.
Na ce, to, ta iso gida.

Aikin da aka ba su: a juya haruffan.
Ta tsinto marfin kwalba huɗu,
ta sa harafi a cikin kowanne,
tana tura su kamar mai dara.
Sai ta tsaya. Raid, in ji ta.
Na ce, me ke nan?
Ta ce, hari.
Wannan ba ta nemi ƙamus ba,
yarinyar da ta bar Madani da dare
a bayan motar albasa.

Na ajiye sifana.
Na ce, goge su, rubuta tamu.
Fari.

Wannan riga ce mai aljihu da yawa.
Fari ne ya tashi kakana daga Damagaram,
ya ce Makka zai je,
ya yada zango a nan shekara arba'in.
Fari kuma su ne masu fiffike
da ke sauka kan dawa su bar kara tsirara,
mu soya su da barkono, a tashi canjaras.
Jallabiyata ta Juma'a yadinta fari ne
kafin man inji ya gaishe ta.
Ubanki ɗan fari ne.
Kakarki kuwa, Allah ya jiƙan Tasalla,
fari ta yi mini da ido
a bakin rijiyar Totil,
na manta da jarkar da na zo da ita.

Ta ce, to ita daga ina ta taso?
Na ce, ban sani ba.
Ba wanda ya bi mini sawunta.
A baki aka ɗauko ta,
tare da kuka da daddawa,
ta ƙetare Chadi da ƙafa.

Ta tura marfi biyu. Fira.
Na ce, ai ga shi muna yi.
Ta yi dariya, ta farko tun Litinin.
Ta sake turawa,
na gaba ya koma tsakiya,
yatsanta ya tsaya a sama.

Rafi.

Ta ƙirga su. Huɗu dai.
Ta duba ƙarƙashin tabarma
ko na saƙa mata wani.

Da la'asar na kai ta bakin Gash.
Yashi ne zalla, gaɓa zuwa gaɓa,
samari na ƙwallo a tsakiyarsa,
amalanken jaki na ratsawa da bulo,
duwatsun Taka sun zuba mana ido.
Na ce, nan inda golan can yake tsaye,
in damina ta faɗi a tudun Iritiriya,
ruwa zai zo ja kamar kunun kanwa,
da kututture, da mushen akuya,
har gada sai ta yi rawar sanyi.
Ta dube ni irin duban da ake wa tsoho.

Ban ja da ita ba.
Ni ma sai da na gani.

Ta durƙusa, ta jera marafan a yashi,
ta danna kowanne da babban yatsa
kamar mai shuka gyaɗa.
Ban leƙa wacce ta rubuta ba.
Waya na kuka a aljihuna,
Hamad ne, yana tambayar famfo.