Akwati a Ƙarƙashin Tebur

Shekara ashirin da uku ina rubuta kwanan wata
a kusurwar allon nan, a ƙaramin garinmu na Tennessee,
inda layin dogo ya raba unguwa biyu
tun ba a haifi mahaifiyata ba.

Ranar Litinin shugaban makaranta, Mista Renfro,
ya ajiye mini takarda mai hatimi.
Bai dubi idona ba.
Ya ce, "Odessa, ba ni na rubuta ba,
daga majalisar jiha ta zo:
kada darasi ya ɗora wa yaro nauyin laifi
saboda launin fatarsa."
Na ce, wa ya taɓa yin haka?
Ya ce, "Ke dai sauke hoton."

Tsohon hoto ne, gefensa duk ya cinye.
Yarinya da farar safa da jakar littattafai
tana hawa matakalar da nake hawa kullum.
Bayanta taron Turawa, bakuna a buɗe
kamar hamma ta kama su lokaci guda.
Yarinyar goggona ce, Lurleen.
Har ta koma ga Allah ba ta cin ƙwai,
saboda abin da aka jefe ta da shi a safiyar nan.

Farkon zango wani ɗalibina, Colt,
mai gashi kamar gemun masara,
ya ɗora yatsa kan wani saurayi a cikin taron,
ya ce, "Wannan kunnen gidanmu ne."
Aji ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Daren zaman hukumar makarantu
ɗakin ƙwallon kwando ya cika maƙil.
Kowa minti uku, agogo na ƙirga da jan lamba.
Uwar Colt ta miƙe, takarda na rawa a hannunta.
Ta ce kwana biyu ɗanta bai taɓa abinci ba,
ya tambaye ta ko mugunta gado ce.
"Shekararsa sha uku," in ji ta,
"bashin wa zai biya?"
Na nemi haushinta a zuciyata, ban samu ba.
Ni ma na yi raino.

Lauya ya karanta sakin layi na huɗu.
Fasto ya ce miki in an rufe shi, ruɓa yake.
Wani ya ce a koyar da lissafi, a bar mu mu huta.
Tafi, ihu, guduma a kan tebur.

Sai ga tsoho da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu,
ya cinye rabin lokacinsa kafin ya kai makirufo.
Ya ce, "Sunana Vernon Tackett.
Ni ne mai kunnen.
Ƙwai uku na saya da kuɗin aljihuna.
Shekara sittin ba wanda ya tambaye ni
sai jikana, ranar Lahadi, a cikin mota."
Ya yi shiru. Agogo ya yi ƙara.
Ba mu sani ba, roƙon a bar hoton ya zo yi
ko roƙon a ɗauke.
'Yarsa ta riƙe masa gwiwar hannu, suka fita.

Ƙuri'a biyar ta kayar da biyu.

Yanzu hoton na cikin akwatin takalmi
a ƙarƙashin teburina.
Ya bar gurbinsa a bango,
kusurwa huɗu da suka fi sauran fentin haske.
Ina koyar da shekarun da aka yarda,
ina tsallake wasu kamar mai tsallake kwata.
Akwai bashin gida a kaina, saura shekara biyu in yi ritaya.
Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba.

Jiya sabuwar ɗaliba, Itzel,
ta ɗaga hannu, ta nuna bangon:
"Malama, me ke nan a da?"
Na buɗe baki, doka ta tsaya mini a maƙogwaro
kamar ƙayar kifi.

Daga layin baya Colt ya ce, bai ko ɗago ba,
"Ki same ni lokacin tara, zan gaya miki.
Ni ba malami ba ne.
Takardar ba ta ambace ni ba."

Na juya ga allo,
na goge kwanan watan da babu kuskure a ciki,
na sake rubuta shi a hankali.