Mota Ɗaya

Mota ɗaya ce a ofishin 'yan sandanmu,
mu kuwa rai dubu sittin a kan yashin bayan Cape Town.
Ran da tayarta ta fashe, doka a gareji take kwana.

Na kira su daren da aka sari Mzwandile
a hanyar masai, taku ɗari daga ƙofarmu.
Wayar ta yi ta kuka kamar jinjiri a ɗakin da ba kowa.
Can Saje Plaatjies ya ɗauka, murya duk gajiya:
"Mama, ni kaɗai ne a kanta,
motar tana can tana gadin wata gawa."
A baro muka tura yaron asibiti.
Ya tashi. Hannun hagunsa ne bai tashi ba.

Da gari ya waye, Zukiswa mai gasa kan rago a tasha
ta yago bayan kwalin sabulu, ta ce rubuta:
mota uku, fitila a hanyar masai,
da ɗan sanda mai yawo da ƙafa, wanda zai san sunayenmu.

Muka bi lungu-lungu, iskar teku na fizgar takarda.
Wani ya sa hannu da biro, wata ta dangwala da bulan wanki.
Tsoho Vuyisile ya ƙi.
Ya ɗaga riga, ya nuna mana tabon bulala:
"A ƙuruciyata wannan motar muke gudu,
yau ku ce in roƙi a ƙaro ta?"
Na rasa amsa. Na sha shayinsa, na fito.
Bayan kwana uku ya aiko jikarsa da saƙo:
a sa sunansa, amma a ƙara layi guda,
cewa wanda za a turo ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofa.
Muka ƙara.

Suna dubu huɗu da ɗari biyu muka ɗauka a jirgin ƙasa,
cikin jakar shinkafa, don damina ce.
Dutsen Tebur ya yi rawani da girgije, bai dube mu ba.
Wani mai kwat ya sauko, ya buga hatimi,
ya ce za a duba.
Zukiswa ta ce, "Duba yanzu, muna da buredi, za mu jira."
Muka zauna a matakalarsa har fitilun titi suka kama.

Wata bakwai kafin a aiko mota guda,
da kurata biyu da takalminsu bai san yashi ba.
Fitilar masai har yau alkawari ce.

Jiya da dare na buɗe kwafin sunayen
don mu sake sabon zagaye.
A shafi na sittin, can ƙasa, da ƙaramin rubutu
kamar na mai tsoron a gan shi,
sai ga Plaatjies.